Kafin Kumbon Ya Sauka

Titusville, Florida
Asabar, 16 ga Yuli, 2011

Zuwa ga Earline, hasken gidana, sanyin idona, furen lemon da ƙamshinsa ke cika unguwa tun kafin a gan shi, ruwan la'asar mai kwantar da zafin Yuli, matata ta shekara ashirin da tara, wadda yau wata goma sha biyar rabona da jin muryarta.

Na san kin taɓe baki kin ce, "Odell ne yau da zancen fure?" Ni ne, Lina. Na gaji ne, gajiya kuwa takan sa mutum ya furta abin da ya daɗe yana jin nauyin faɗa. Na buga waya gidan yayarki Vernice sau ba adadi, kullum ita ke ɗauka, kullum amsarta ɗaya: "Ba ta nan, Odell. Ko tana nan ma, a wurinka ba ta nan." Shi ya sa na ɗauki biro da yatsun nan da gam ya gama cinyewa.

Kin tuna safiyar Lahadin nan ta watan Afrilu, 1981? Ko aure ba mu yi ba. Muna tsaye a bayan motar kayan babanki a bakin kogi, sauro na ta gasa mana cizo, jama'a sun cika gaɓa babu masaka tsinke. Columbia ne zai tashi, kumbo na farko da aka ƙera don ya kai mutane sama, ya dawo da fukafukansa ya sauka kamar jirgi, a gyara shi ya sake komawa. Namu na baya duk sau ɗaya ake hawansu, su faɗo teku da laima, shi ke nan an gama da su. Wuta ta fara tashi can ƙetaren ruwa shiru kamar ba komai, sai daga baya ƙarar ta iso ta doki ƙirazanmu. Kika damƙe mini hannu kina ihu, "Dell, ka taɓa wancan abin! Da hannunka ka taɓa shi!" Wayyo Earline! Wace rana ce ta taɓa fitowa da hasken da fuskarki ta yi a safiyar nan? Wane tsuntsu ne a duk dausayin nan ya taɓa kuka mai daɗin ihunki? Ban ƙara kallon tashin kumbo tare da ke ba daga ranar.

Kin san dalili, amma bari in faɗa da bakina ko sau ɗaya. Da muka shiga gidan abinci bayan an watse, talabijin na nuna hoton da 'yan sama jannatin suka aiko daga can. Kusa da wutsiyar kumbon ga baƙaƙen gurabe, inda tayil suka ɓalle. Na ajiye cokali. Tayil ne aikina. Sama da dubu ashirin ne a jikin kowane kumbo, kowanne da lambarsa, babu biyu iri ɗaya, ba nauyi kamar busasshen burodi, farce ma sai ya kwarzane shi. Kafin mu shiga ƙarƙashin kumbon sai mun cire zobe, mun ɗaure tabarau da zare don kada ya faɗo ya fasa wani. Wannan ɗan abin ne kaɗai tsakanin mutanen da ke ciki da wutar da ke lasar kumbon idan zai dawo. Sun sauko lafiya a karon nan, amma ni na riga na gane cewa daga bakin kogi ba a ganin abin da ya ɓalle. A talabijin ake gani.

To shi ke nan, na zama mutumin falo. Ranar harba kumbo abokan aikina su fita filin ajiye motoci su ɗaga kai, ni in ɗauki hutu in dawo gida in sa kaset ɗin bidiyo, in zauna dab da gilashin talabijin ina neman ko wani ɗan farin abu zai faɗo. Ke kuwa kina tsaye a farfajiya, kusa da bishiyar lemon da kika shuka, kina ƙwala mini kira: "Dell, fito mana! Ga shi a kan rufin gidanka, kai kana kallon hotonsa!" In ce ina zuwa. Hollis, wanda muke liƙa tayil tare tun muna da gashi a ka, ya sha tsokanata. "Mil goma sha biyu tsakaninka da kumbo," in ji shi, "amma kana kallonsa kamar mutumin Alaska. Ka sayar mini da gidan mana, tsoho, ka koma can ka huta." Kowa ya yi dariya, har ni. Ke ce kaɗai kika daina dariyar tun da wuri, ban ma lura da lokacin da kika daina ba.

Ranar da kumbon Challenger ya fashe jim kaɗan bayan tashinsa, cikin sanyin Janairu na 1986, ke kika gani da ƙwayar idonki. Kika shigo da rigar sanyina a jikinki, kika tsaya a bakin ƙofar falo. Me na yi? Ina durƙushe ina mayar da kaset baya. Ban tashi na rungume ki ba. Wannan na daɗe ina jin kunyarsa, kuma ban taɓa ba ki haƙuri a kai ba. Ranar Columbia kuwa, bayan shekara goma sha bakwai, kina waje da kofin shayinki kina jiran tsawar nan guda biyu da ke girgiza tagogi duk sanda kumbo ya kusa sauka. Ba ta zo ba. Kumbon ya tarwatse a sama yana hanyar dawowa, da mutum bakwai a ciki. Na yi makonni ina duban tafukana ina tambayar kaina ko su ne. Da aka gano guntun soso ne ya ɓalle daga tankin mai ya bugi bakin fiffike, ya kamata in samu sauƙi. Ban samu ba. Daga nan ne na kafa wa kaina doka, muddin akwai kumbo a sama ba na barin gari. Bikin ƙanwarki, tafiyar coci, ganin likitan idonki, duk amsa ɗaya kika samu: bari ya sauka tukuna.

Haka na ce miki bara, da Vernice ta bugo daga Valdosta ta ce jikin Mama Idella ya tsananta. Kumbon Discovery na sama, saura kwana ɗaya ya sauka. Kika ce, "Uwata ce, Dell." Na ce gobe da safe, da zarar ya taɓa ƙasa, mu kama hanya. Kika dube ni, kika ɗauki makullin motarki kika tafi ke kaɗai, awa huɗu kina tuƙi kina kuka. Gajimare ya sa aka ɗage saukar da kwana guda, ni kuma na zauna na jira. Matar da ta riƙe ni kamar ɗan cikinta, wadda ta riƙa tambayarki, "Ina Odell ɗina, ya iso?" ta cika ina zaune a falo ina sauraron mai hasashen yanayi. Na zo na tarar da jana'iza. Ba ki yi mini faɗa ba, da ma faɗan kika yi. Cewa kawai kika yi in koma, kada wani kumbo ya tashi ba na nan.

Ya ke zumar rayuwata, inuwar da na bari na shiga rana da ƙafata, ki ji abin da ya faru Juma'ar makon jiya. Atlantis ya tashi, tafiya ta ɗari da talatin da biyar, kuma ta ƙarshe. Daga ita babu wata. Na kashe talabijin da hannuna, na fita na tsaya daidai inda kike tsayawa, inda ciyawa har yau ba ta gama rufewa ba. Ashe haka yake, Lina? Ashe hasken nan har ido ba ya iya riƙe shi? Gilashi bai taɓa gaya mini ba. Ya tashi a hankali a kan bishiyoyin maƙwabta, yara na tsalle a kan titi, matar gidan da ke kallonmu ta ɗora hannu a ka tana kuka. Bai cika minti guda ba gajimare ya haɗiye shi. Na juya in ce, "Kin gani?" sai na ga igiyar shanya. Shekara talatin abin da kike juyawa ki gani ke nan, ni sau ɗaya kawai na ɗanɗana.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tun ƙarar ba ta gama wucewa ba na ruga ciki na kunna talabijin, kwanuka na ta rawa a kabad, na bi hoton sau shida ina neman abin da ya ɓalle. Da yamma na dafa wake da burodin masara yadda kike yi mana duk ranar da kumbo ya tashi lafiya. Waken ya kama, burodin ya ƙi tashi, na ci a tsaye. Ban warke ba, wataƙila ba zan taɓa warkewa ba. Na gaji da tsoro, na gaji da wannan gida mai ɗakuna uku da kujera ɗaya mai ɗumi, na gaji da kaset ɗari da wani abu da ba wanda zai sake kallo. An ba mu takardar sallama, dubbanmu, aiki zai ƙare washegarin saukar. Rabin titinmu an kafa allon sayar da gida. Wallahi ba aikin ne ke hana ni cin abinci ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Alhamis da asuba Atlantis zai sauka. Duk wanda ya taɓa sa hannu a jikinsa zai je ya tarye shi, a tsaya a ƙarƙashin fiffike a ɗauki hoto, a yi bankwana. Ni ba zan je ba. Na miƙa katin shiga wurin aiki tun jiya. Hollis ya bi ni har mota yana cewa, "Ka haukace ne? Shekara talatin, saura kwana shida ka ga ƙarshensa! Matar da ta yi wata goma sha biyar ba za ta iya ƙara kwana ɗaya ba?" Na ce masa kwana ɗayan nan ne na taɓa roƙa, kuma na ga abin da ya ci. Ya daki rufin motar, ya ce in gaishe ki.

Laraba da safe zan kama hanyar Valdosta, tayil ɗina na can sama da mutum huɗu a bayansu. Ba ni da abin da zan kawo miki wanda ya kai wannan. Idan na jira ya sauka sannan na zo, me na ba ki? Ragowar mutumin da aiki ya gama da shi ya tofar, wanda ya tuna yana da mata don ba sauran abin kallo. Kin fi ƙarfin haka, tauraruwata, kin fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. Ina so in zo tun akwai abin da zan bari.

Ban ce ki dawo Titusville ba. Ban ce ki yafe ba, wannan naki ne, ki bayar ko ki riƙe. Ki ce wa Vernice kawai kada ta saki karenta, don na san za ta so. Zan iso da azahar in ƙwanƙwasa sau ɗaya. Idan kin buɗe, ki kai ni kabarin Mama Idella in gaya mata na iso, ko da a makare. Idan ba ki buɗe ba, zan kama ɗaki a garin in dawo washegari, da wanshekaren washegari, ba ni da inda za ni kuma.

Asubahin Alhamis jikina zai yi rawa, kada ki ce ban faɗa miki ba. A daidai lokacin da wutar nan za ta lulluɓe shi ba zan san ko aikina ya riƙe ba, ba rediyo, ba gilashi, ba wanda zan tambaya. Tsoron zai zo, na san shi ya san ni. Ina so ne karon nan ya same ni a ƙofarki.

Naki tun kina 'yar shekara ashirin da biyu, naki da furfurata da yatsuna masu kaushi, naki ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Odell