Jikanki Ya Durƙusa A Ingila

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba da su Zulai. An gama yankan gero a Banga? Mun ji a rediyo an ƙaddamar da shari'a a Gusau, Allah ya sa albarka.

Mu lafiya lau. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, ba tsakar gida, amma mun saba. Duk Lahadi sai na tisa baban Abbati gaba mu kai yara wani fili mai ciyawa da lilo, su yi gudu.

Jiya a filin ina zuba dambu, ga wani tsohon Bature zaune shi kaɗai. Nan ba a yi wa kowa tayin abinci. Sai Abbati ya ɗauki kwanonsa, ya je ya durƙusa gabansa ya ce, "Bismilla, Baba." Tsohon ya zaci faɗuwa ya yi, ya zabura zai ɗaga shi. Da aka yi masa bayani, ya ce rabon da a ce masa zo mu ci tun rasuwar matarsa. Ya cinye tas yana hawaye, wai yaji ne.

Kin ce zan lalata miki jika a ƙasar nan, Inna. Ki aiko da zogale da yaji, tsohon zai dawo Lahadi.

Ɗiyarki,
Rashida