Baba Alhaji, Gidan Da Ka Auna Mini Ba Shi Da Ƙofa

Zuwa ga Baba Alhaji, shugaban ofishin safiyon da ya auna mini gida a Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗiya ke yi wa uba, ina fata kana lafiya, da iyali da ma'aikatanka. Allah ya ƙara girma da nisan kwana, amin.

Na sakaya sunanka da na ofishinka albarkacin mahaifina, wanda kuka tashi tare a Maradun kuna cin tuwo a akushi ɗaya. Na kawo maganar bainar jama'a ne don na gaji da zaman bencin ofishinka, ana ce mini ka fita alhali motarka tana ƙarƙashin darbejiya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni malamar firamare ce. Tun da na fara aiki nake gidan haya, kuma ban taɓa mallakar ko kango ba. Da ƙafa ta fara gagarar mahaifiyata, Inna, a can Tsibiri, sai na ƙudura zan dawo da ita kusa da asibiti, a gidan da babu mai ƙwanƙwasa mana ƙofa ƙarshen wata. Na sayar da rabona na gonar gado, na haɗa da adashin da na daɗe ina zubawa, na samu wani ɗan gida mai ɗaki biyu da rijiya a bakin gari, ta hanyar Garbadu. Abokan aikina suka ce kada in biya ko sisi sai an yi safiyo. Ban yi shawara da kowa ba na nufo ka. Ka ce mini, “Ɗiyar aminina ta, wanga aiki nau na. Tahi ki kwanta da kunne biyu.” Wallahi na kwanta, Baba.

Na farko, ranar awo. Ka sa mana Talata, ranar kasuwar garin. Ni a lokacin har daɗi na ji, na ce ga dattijo mai cika aiki da wuri. Ina makaranta, sai na tura ƙanena Sani ya tsaya a madadina. Kowa ya san yadda unguwannin garin nan suke ranar kasuwa: magidanta sun tafi tun da hantsi, mai unguwa ma yana rumfarsa, daga mata a cikin gida sai awaki a waje. Tun kaka da kakanni ba a kafa iyaka sai an kira mai unguwa da maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, kowa ya nuna inda nasa ya tsaya. Sani ya tuna maka haka, ka yi dariya ka ce na'urar zamani ba ta bukatar shaida. Shi kuma ya ji kunyar musu da abokin babansa, ya bar ka ka ci gaba da awo.

Na biyu, taswirar da ka ba ni. Ni ba masaniyar zane ba ce, amma na iya karatu. A gaban ƙofar gidan ka ja layi biyu, ka rubuta hanya, ka sa hannu, ka buga hatimi. Da wannan na biya kuɗin gida. Muka ɗauko Inna da buhun geronta da tsohuwar tabarmarta, na dasa zogale a bakin rijiya, muka yi damina guda cikin kwanciyar hankali. Inna takan sa a fitar mata da kujera ƙofar gida da la'asar, tana gaisawa da masu wucewa.

Na uku, ranar da tifa ta juye yashi a inda kujerar Inna take zama. Na fito da faɗa, na tarar da wani bawan Allah mutumin Dakko, ɗan kasuwa, yana nuna wa magina inda za su haƙa tushe. Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ba zan gani ba. Filinsa ne, ya saya tun da daɗewa, yanzu ya samu halin gini. Da hayaniya ta yi yawa maƙwabcina Malam Ige, dattijon da ya fi kowa daɗewa a unguwar, ya fito yana dogara sanda ya ce, “Malama, ai hilin ga ba hanya ba na, kowa ya san da mai shi. Gidan da kika saya yanki na na babban gida. Da anka raba gado sai anka toshe ƙohwar ciki, shi ko wanda yas sai miki ya huda ta nan, tunda mai hili bai nan. Da an kira mu da mun hwaɗi.”

Har a nan ina nema maka uzuri. Na ce ƙila kuskure ne, ɗan Adam ne kai. Sai magina suka ci gaba da haƙa, diga ta daki wani turken siminti a daidai dokin ƙofata, an rufe shi da ƙasa. Mutumin Dakko ya share shi da hannunsa ya nuna mini. Alamar ofishinka ce a kai, irin wadda ke jikin turakun gidana sak. Kai ka auna masa filin nan da kanka. Kai ka kafa turken da ya ce nan ba hanya ba ce, kuma kai ka dawo ka tsaya a kansa ka zana mini hanya. Ranar ban iya cin abinci ba. Ba asarar ta fi ƙona mini rai ba, sai tuna yadda na durƙusa har ƙasa ina yi maka godiya lokacin da ka miƙo mini taswirar.

Wanda ya sayar mini da gidan ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Shi ban san shi ba, ban kuma ba shi amana ba, shi ya sa ma na nemi safiyo. Ban san abin da ke tsakaninku ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Sau ɗaya tak na yi sa'ar tare ka a bakin masallaci, abin da ka ce da ni kawai shi ne in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Baba. Amma da hannunka ka sa hannu.

Ga halin da muke ciki yau. Katangar mutumin Dakko ta wuce tsayina. Ya tausaya ya bar mana wani ɗan tsagi wanda sai mutum ya karkace yake wucewa, buhun gero ma sai an raba shi a kwano. Ya ce ba zai iya barinsa har abada ba, bayan kaka zai toshe don a nan ɗakinsa zai zauna. Sauran ɓangarori uku kuwa ɗakunan mutane ne.

Don haka nake roƙonka abubuwan nan. Ka zo wurin da ƙafarka, a gaban mai unguwa da maƙwabta, ka faɗi wanne ne na gaskiya a cikin awonka biyu. Mutumin Dakko ya yarda zai saki faɗin hanya idan aka biya shi haƙƙinsa, to ofishinka ya ɗauki wannan nauyi, don ni ba ni da sauran abin sayarwa. Sannan ka karɓi taswirarka ka ba ni ta gaskiya. Ku kuma masu shirin sayen gidan farko, kada ku bari a ja igiyar awo sai maƙwabta suna tsaye, ko da wanda zai auna ɗin shi ya yi muku huɗuba ranar suna.

Ka yi sauri, don girman Allah. Inna ba ta ƙara leƙa waje ba tun da katangar ta tashi, ko asibiti sai dai in kira malamin lafiya ya shigo a karkace. Jiya bayan azahar na same ta zaune tana kallon tsagin nan, sai ta ce, “Hadiza, in ta Allah ta kasance gare ni cikin gidan ga, makara ba ta wucewa nan. Ta ina za ku hidda ni? Ta bisa katanga?” Sai na ce mata zan tambayo Baba Alhaji. To ga shi na tambaya.

Allah ya ba ka ikon gyara wannan tun kana da rai da lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya jiƙan amininka.

Wassalam, daga ɗiyar da ta yarda da kai,
Malama Hadiza, Talata Mafara.