Yau Na Taje Ciyawar Shago

Karaye, daren Talata, saura kwana uku Sallah

Murna ta hana ni barci, gara in rubuta. Ciyawata ta tashi!

Tun da na kawo ciyawar robar nan daga Kano na shimfiɗa a shagon hotona ake tattaka ta, har ta kwanta luf kamar tsohuwar tabarma. A hotunan da na wanke makon jiya ko kusa ba ta yi kama da lambu ba. Ga Sallah ta matso, ga wani mai hoto a garin Rogo yana janye min mutane da labulensa mai jirgin sama.

Da safe na kai ta gida in wanke. Matata Hajara tana yi wa ƙanwarta kitso, ta miƙo hannu ta shafa, ta ce, "Maigida, wannan ai gashi ne. Shanya ta, ta sha rana ta yi laushi, sannan ka taje ta kana tayar da ita daga inda ta kwanta." Na yi dariya, amma da ta sha rana na dawo da ita, na gwada da burushin wanki a ƙofar shago. Wallahi sili-sili take miƙewa!

Ina cikin yi sai ga Kawu Ilu daga ƙauyen Jajaye. Bayan mun gaisa ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗan nan, tun ina yaro nake bin ciyawa da fartanya, kai kuma kwalliya kake mata?"

Can sai ya tuɓe takalmi, ya hau, ya gyara hula. "To, ɗauke ni a kanta. A Jajaye ba wanda zai yarda in bai gani ba."