Wa Ya Ɓata Daddawar Iya?

Zuwa ga Shafa'atu, man da ya taso a kan kindirmo, inuwar tsamiya ranar kasuwa, ruwan farko a gonar auduga. Gaisuwa daga Maska, daga mijinki Aƙilu, wanda tun da kika koma Gozaki yake cin tuwo kamar mai haɗiyar magani. Malam Abdussamad da zai karanta miki wannan, kada ya yi tari inda magana ta yi nauyi. Ya karanta abin da ya fi haka a babin haila.

Kin tuna ranar da na fara ganinki a kasuwar Dandume kina tallar nono? Na ɗanɗana na ce ya yi tsami, don dai in ja ciniki. Kika ce bakina ne ya kwana bai ga asuwaki ba. Ni da na saba rufe bakin dillalai, sai ga ni tsaye kamar jakin da ubangijinsa ya manta. Har yau ban warke ba.

Yanzu a ce daddawa ce za ta raba mu? A gidanku, mace in tana fashin salla ba ta taɓa nono, sai ta kife ƙwaryarta a ƙofar ɗaki, kowa ya gane ba sai an faɗa ba. Kika yi yadda aka koya miki. Iya da ta haife ni kuwa ta ɗauka shela kike wa maƙwabta cewa ba a ba ki abinci a gidanta. Da aka fassara mata, abin ya ƙara muni: ashe a wannan hali kika gifta ta gaban tukunyar kalwarta! Daddawa ta ƙi yi, aka ɗora miki. Aka ware miki akushi, aka hana ki murhu, aka hana ki rumbu. Kika naɗe tabarmarki kika tafi, ina can hanyar Zariya da jakuna.

Na yi fatauci har Gwanja, na ga inda ake fitar da mace bukka a bayan gida sai ta yi wanka. Na ji masu cewa inuwarta tana karya laya, tana kashe baba a marina. In har kuna da wannan ƙarfi, me ya sa maza ke wahalar ɗaukar baka zuwa yaƙi? A tura mata uku mana su gifta ta gaban ganuwa. Ni dai a ɗan karatun da na yi kafin kasuwa ta janye ni, an ambaci salla da azumi da taɓa Alƙur'ani da shimfiɗar miji. Ban ji sunan kalwa ba. Shanun Baffanki ma, Allah ya yaɗa su, ban ji sunansu ba.

Ga labari. Bayan tafiyarki Iya ta sake dafa kalwa, ta sake lalacewa, har ta fi ta farko yauƙi. Iya ta yi sallama da fashin salla tun ban fara gemu ba. Mace ɗaya ta rage a gidan, ita ce akuya. Na tambaya cikin ladabi ko in ware wa akuyar akushi, aka jefe ni da muciya. Amma jiya na ji Iya tana tambayar wata mai nono ko hanyar Gozaki ta bushe. Iyakar ban haƙurin da za ki samu ke nan, kuma a wajenta ya kai bijimi.

An ce Baffanki zai zo ranar kasuwa ya nemi in sawwaƙe miki. Zan shimfiɗa masa buzu, in ba shi farin goro, in karyar masa da duk abin da ke rumfata, amma wannan kalma ba ta cikin hajata. Wa zai ƙaryata ni tun ban kai ƙarshen zance ba? Wa zan kalla in wata ya haska tsakar gida?

Ki riga shi zuwa, Shafa'atu. Na ja danga, na kafa miki murhunki a sashenmu. Ki tuƙa tuwo duk ranar da kika so a cikin wata, in zauna inda kowa zai gani in cinye, in suɗe akushi. In na mutu, Iya ta yi gaskiya. In na yi ƙiba, sai a nemi wani mai laifin.

Naki ranar da kike salla, naki ranar da kike hutu, har ƙasar Maska ta rufe ni,
Aƙilu