Hatimin Makulli Ya Fita Daga Hannuna

Alhaji Waliu Akeem,
Bayan Layin Masu Ɗinkin Buhu,
Fagge, Kano.
Alhamis, 17 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga
Alhaji Abdulƙahhar Maje,
Shugaban Kwamitin Sauraron Koke-koke,
Ƙungiyar Masu Lodin Kayan Fatake ta Tashar Sauƙi,
Sabon Gari, Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN ALHAJI HAMZAT, DILLALIN ATAMFA, DA DILAR DA AKA KAMA DA HATIMINA RANAR 11 GA OKTOBA

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da fatan Shugaba yana cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Malama Mahbuba mai buga takardu a unguwar Bata ce take bugawa, na kuma ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina.

Shugaba ya san ni, amma saboda takarda zan faɗa. A Fagge aka yanke mini cibiya shekara saba'in da takwas da suka wuce. Da dako na fara, har na zama mai aika dila ashirin a mako. Gobara biyu ta cinye mini rumfa, na tashi. Mota ta kife da mu a hanyar Lakwaja, mutum tara a ciki, ni kaɗai na fito da ƙafata. Ba a taɓa kai ni gaban hukuma ba, ko a matsayin shaida. Saboda haka ne shugabanninku na da suka yanka mini hatimi mai hoton makulli, tunda ba na sa hannu, suka kafa doka cewa duk dilar da ke ɗauke da shi ba a buɗe ta a tasha, kuma ana rage mata kuɗin mota. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Duk Sabon Gari babu mai irin wannan sai ni.

Ga ƙorafina:

1. A watan Yuni, bayan Babbar Salla, 'yata Barakat, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, ta buɗe shagon sayar da atamfa da leshi ta waya. Tana sa hoto, masu saye daga Ilori da Anaca da Fatakwal su zaɓa su biya, ita kuma ta saro a wajen Alhaji Hamzat, ɗan ƙungiyarku mai sito a Kantin Kwari, ta aika. Ciniki ya fara kyau, sai kuɗin mota ya riƙa korar mutane. Mace za ta zaɓi turmi biyu, da ta ji kuɗin aikawa sai ta yi shiru.

2. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, Alhaji Hamzat ya zo har zaurena. Ya ce zai ɗauke wa Barakat kuɗin mota gaba ɗaya. Ita dai ta riƙa tura masa sunayen masu saye, shi zai ƙulle kayan a sitonsa, ya haɗa da nasa a dila ɗaya, ya kai tasha. Abin da yake so kawai a ba shi aron hatimina saboda rangwamen. Ya ce sunana ya fi takardar banki. Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin jin ta. Na shiga ɗaki na ɗauko na ba shi. Barakat ta ce a yi rubutu, na ce mata ni ban taɓa ciniki da rubutu ba, kuma ban taɓa faɗuwa ba.

3. Wannan ba na son faɗa, amma gara Shugaba ya ji daga bakina. Ranar Talata, 24 ga Satumba, na biya ta tasha na ga dila da makullina a jiki. Na ɗaga gefenta kamar yadda na saba. Ni ne mutumin da ke ɗaga dila ya faɗi turmi nawa ne a ciki, 'yan dako suna tafi. Wannan ba ta yi nauyin girmanta ba, kuma wani abu ya yi ƙara a tsakiya. Atamfa ba ta ƙara. Na kira Hamzat, ya ce maɓallai ne da duwatsun ado na teloli. Hannuna ya gaya mini ba haka ba ne. Sai na tuna Barakat ta fara biya wa yara kuɗin makaranta da kanta, na ja bakina na tafi gida.

4. Ranar Juma'a, 11 ga Oktoba, jami'an tsaro suka tare motar tasharku a hanyar kudu, suka farke wata dila mai hatimina. Atamfa a sama, atamfa a ƙasa, a tsakiya katan-katan na ƙwayoyin da hukuma ta hana. Takardar lodi ba ta ɗauke da sunan Hamzat. Sunana ne, da makullina. Malamin lodinku ya karɓi dila tara a wata biyu daga hannun yaran Hamzat, bai taɓa tambayar ina mai hatimin yake ba. Ina ƙorafi a kansa shi ma, ko da yake na san dokar da ya bi tawa ce.

5. Direban, Obinna, yana tsare har yau. Da mahaifinsa muka yi aiki shekara ashirin, a gabana aka fara ba shi tuƙi. Ranar Asabar, 12 ga wata, matarsa Ogechi ta zo ƙofar gidana da goyo. Ba ta zage ni ba. Ta ce mijinta bai leƙa dilar ba ne don ya ga makullin Baba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

6. Tun ranar Litinin, 14 ga wata, siton Hamzat a kulle yake, wayarsa ba ta shiga. Kayan mutum goma sha bakwai na masu sayen Barakat suna cikin dilar da aka kama, har da ankon bikin da za a yi a Ilori ƙarshen watan nan. An fara yawo da hotonta a waya ana ce mata ɓarauniya. Ita ko ƙofar siton ba ta taɓa shiga lokacin ƙulli ba.

7. Jiya Laraba aka kawo mini takardar sammaci daga hukumar da ta kama dilar, in bayyana a ofishinsu ranar Litinin, 21 ga wata, da ƙarfe goma na safe. Mahbuba ta karanta mini sau uku. Ni ba matsoraci ba ne, kowa ya sani. Sai dai ina shan maganin hawan jini safe da yamma. In Shugaba ya san ko ana barin mutum ya shiga da maganinsa, ina roƙon a sanar da ni kafin ranar. Na riga na sa a jaka da riga biyu.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon wannan kwamiti mai daraja ya nemo Alhaji Hamzat ta hannun waɗanda suka tsaya masa lokacin da ya shiga ƙungiya. A fito da littafin lodi, a sa malamin lodi ya faɗi gaskiyar wanda ke kawo dilolin, don a saki Obinna ya koma wa iyalinsa. A rubuta wa Barakat takardar shaida da za ta nuna wa masu sayenta. Ina kuma roƙon a haɗa ni da dattijo ɗaya daga cikinku ranar Litinin. Ba don komai ba, ban san yadda ake tsayuwa a irin wurin nan ba, kuma ba zan iya karanta abin da za su ce in dangwala wa yatsa ba.

Roƙona na ƙarshe shi ya fi gaggawa, kada a jira Litinin. Hatimin yana hannun Hamzat har yanzu. Ban san dila nawa ya buga wa ba, ban san wace tasha za ta karɓa gobe ba, ban san ɗan wa zai ɗauka ba. A soke dokar nan yau. A aika wa duk tashoshin da ke mu'amala da ku, daga nan har Anaca, cewa duk dilar da aka gani da hoton makulli a sa wuƙa a farke ta a gaban jama'a, ko da ni ne tsaye a kanta ina rantsuwa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa kada ya ga irin wannan rana.

Naka mai biyayya,

Alhaji Waliu Akeem (Baba Mai Makulli)
Na dangwala babban yatsana na dama, tunda hatimin ba ya wurina.