Shafin Farko na Kundin Ilham

Fas, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Mbarka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin koma Wujda lafiya, kin tarar da maigidanki Si Allal da yara ƙalau. Yaya gwiwar taki? Tun da kika tafi bayan sadakar arba'in gidan ya yi mini girma. Keken guragun 'yata Ilham, Allah ya jiƙanta, yana nan gindin matakala, in ina shara sai in zagaye shi.

Kin tuna matar nan mai tabarau da ta zauna kusa da ni ranar zaman makoki, tana kuka har mutane suka riƙa yi mata ta'aziyya ita ma? Ita ce Ustaza Nuzha, malamar da ta duba aikin Ilham a jami'a shekara shida. Shekaranjiya ta yi mini waya. Wai kundin digirin Ilham ya kammala, saura ta kare shi gaban malamai ciwon ya kwantar da ita. Jami'a ta yarda a yi zaman duk da haka, a ba ta digirin, a buga littafin domin masu koyon aikin malanta. Amma sai na sa hannu, sai kuma na ba da kwafin da ke ɗakinta, don shi kaɗai ke da gyaranta na ƙarshe da biro. In wata ya ƙare, an rufe maganar.

Na ce zan duba. Yaya, ba na son in ba ta.

Aikin Ilham a kan 'yan mata masu nakasa ne, me ya sa suke barin makaranta da zarar sun fara girma alhali maza irinsu suna ci gaba, da yadda za a zaunar da su aji ɗaya da sauran yara. Ta zaga ƙauyuka tana tambayar iyaye mata. Ni ba ta taɓa tambayata ba. Komai Ustaza. In na turara kuskus da kabewa ranar Juma'a, sai ta ce a zuba a kwano a kai wa Ustaza. Wata rana na ce, "To ki koma can ta goya ki mana." Ta yi dariya ta ce, "Mama, bayanta ba shi da ƙwarin naki."

Jiya na ɗora kundin a cinya, na buɗe shi yadda nake buɗe Alƙur'anina. Faransanci ne, ni kuwa aji huɗu na tsaya, amma na ci sa'a shafin farkon da Larabci. Na bi shi da yatsa. Sunan Ustaza ne a sama, ƙasa kuma an rubuta godiya ga wadda ta buɗe mata ƙofa. Na juya shafi biyar, goma, ba ni. Kowane ɗalibi shafin farko na uwarsa ne, ke ma kin nuna mini na ɗanki. Na rufe, na tura shi ƙarƙashin barguna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rkiya


Fas, ranar Talata

Yaya Mbarka,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso, na gode, na kuma ji daɗi da maganin ya karɓi gwiwarki. Kin ce in ji tsoron Allah, kada in binne wahalar yarinya tare da ita. Na ji. Amma akwai abin da ba ki sani ba.

Shekara bakwai na goya ta zuwa makaranta, matakala arba'in da biyu zuwa ajinsu na bene, kin san wannan. Da ta kai sha uku, na ce miki rashin lafiya ta hana ta karatu shekara guda. Ƙarya na yi miki. Al'ada ce ta zo mata, banɗakin makarantar keke ba ya shiga, samarin lungunmu kuma suka fara bin ƙafafunta da kallo tana bayana. Ta yi nauyi, na ji kunya, na cire ta. Ta zauna bakin taga tana kallon ƙawayenta suna wucewa da jakunkuna. Wata biyu ba ta ce mini komai ba sai "to". Da shekara ta zagayo na kasa jure shirun, na ɗaura zani na sake ɗaukarta. Ba mu taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ki duba. Littafi ne a kan iyayen da ke cire 'ya'yansu, ni kuma ba ni a shafin godiya. Ina jin ina can ciki, cikin Faransancin da ba na iya karantawa, Ustaza kuwa ta karanta ni tas. Ita ba ta taɓa ɗaukar Ilham ba, shi ya sa ba ta taɓa sauke ta ba. Ta same ta da wankakkun kaya da amsa a baki.

A asibiti ma, kwana biyu kafin rasuwarta, ina riƙe da cokali ina lallashinta ta sha miyar harira, ta ce in miƙo mata waya, ta tuna wani gyara da za ta gaya wa Ustaza. Ni na riƙe mata wayar a kunne. Muryar da ta rage mata a can ta ƙare.

Ustaza ta sake kira sau biyu, ban ɗauka ba. Saura kwana tara. Ki sa ni a addu'a, zuciyata ba ta da kyau kwanakin nan.

Taki,
Rkiya


Fas, ranar Asabar

Yaya Mbarka,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake, alhamdu lillahi.

Jiya bayan Juma'a Ustaza ta zo da kanta. Ta hau matakalarmu tana haki, sai da ta huta sau biyu. A raina na ce, ga shi ko jaka ba ki goya ba. Na haɗa mata shayin na'ana'a, don baƙo baƙo ne. Ba ta kai ga buɗe baki ba na ɗauko kundin, na buɗe shi gabanta, na ce, "Ga shafinki nan, Ustaza. Ki yage abinki ki tafi da shi, ki bar mini sauran."

Ta dubi shafin, ta dube ni. Sai ta rufe kundin, ta juya shi. Ta ce, "Lalla Rkiya, ai nan ƙarshen littafin ne. Ni ce ta ƙarshe."

Na san littafin Faransanci ta hagu ake buɗe shi, Yaya, tun muna yara na sani. Hannuna ne ya bi inda ya saba.

Ta buɗe ta ɗaya gefen ta turo mini. Shafi guda, layi uku, da Larabci, manyan baƙaƙe, kowanne da wasalinsa, don Ilham ta san karatu ba wasali wuya yake yi mini. Ta rubuta: "Ga Mama, wadda ta goya ni shekara bakwai, ta sauke ni shekara ɗaya, ta sake ɗaukata. Duk uwar da na tambaya, ita nake nema in fahimta. Na fahimta."

Na bi layukan da yatsa, na sake bi. Shayin dai ya huce. Ustaza ta ce a ofishinta Ilham ta rubuta shi, ta soke ta sake har sau goma sha ɗaya, tana tambaya ko zan ji haushi. So Ilham ta yi in gan shi ranar zaman, gaban kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, ina cikin kukan nan ma sai da na ji wani abu ya soke ni. Shafina ne, amma ta riga ni ganinsa sau goma sha ɗaya.

Na sa hannu. Kundin kam ban ba ta ba. Na ce ranar Litinin ni zan kai shi da kaina, su kwafa ina zaune, su dawo mini da shi. Ta ce to. Na tambaye ta matakala nawa ne zuwa zauren. Ta ce babu ko ɗaya, tun bara ta yi ta rigima har aka sauko da zaman ƙasa saboda keken Ilham.

Ashirin ga wata mai zuwa za a yi. Ki zo, ki taho da dabino, ni zan tanadi madara, mu tarbi baƙi da su. Ke za ki yi guɗa in sun faɗi sunanta, maƙogwarona ba zai iya ba.

Jiyan, da Ustaza za ta tafi na zuba mata kuskus a kwanon nan nata. Kabewar dai ban sa mata da yawa ba.

Ki gaida Si Allal da yara.

Ƙanwarki,
Rkiya, uwar Ilham