Allon da Baba Ya Sassaƙa

Semarang, 4 ga Maris

Assalamu alaikum, ƙanwata Sekar. Ina fatan kina lafiya, da ke da ƙawayenki na ɗaki. Yaya karatu, yaya tarin da ya dame ki? Tun da makarantarku ta hana waya, dole na koma ga takarda.

Kada ki cike fom ɗin shiga jami'a sai kin gama karanta wannan.

Ranar Litinin na tafi Yogyakarta neman gurbin karatun ƙwarewa, wanda sai da shi ake ba mutum lasisin duba masu damuwa a asibiti. Na kai takardu tara, kowacce kwafi uku. Matar da ke karɓa ba ta wuce ta farko ba. Ta ce, "Yarinya, digirinki na ba ɗalibai shawara ne, daga tsangayar ilimi. Mu sai wanda ya yi digirin halayyar ɗan Adam tun daga tushe." Na ce mata na ɗauki darasi goma sha ɗaya a kan halayya, na lissafa mata su. Ta ce, "Ko ɗari ne. Sunan da ke kan takarda nake dubawa. Na gaba!"

Na tambayi wasu jami'o'i huɗu. Amsar ɗaya ce.

Kin tuna yadda aka yi. Malamin ajinmu ya ce fannonin biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma wannan ya fi sauƙin samu. Ban tambayi kowa ba bayan shi. Shekara huɗu ke nan.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki gaishe da malamarku, Malama Sulastri.

Yayarki,
Retno

Semarang, 13 ga Maris

Sekar, bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso jiya. Na ji daɗi da tarin ya tafi.

Kin ce ni matsoraciya ce, wai tun muna yara nake ƙirga matakala kafin in hau. Na karɓa. Kin kuma ce Baba ya zo ziyara ya ce ki saka fannin da na yi, "hanyar da yayarki ta share." Ga shi ana rufe fom ranar 27, kuma ke burinki asibiti ne, ba makaranta ba.

To ki saurara. Kada ki dubi kyan gini ko hoton da ke jikin takardar talla. Ki dubi sunan digirin da za a rubuta miki ranar gamawa. Ki duba darajar da hukuma ta ba shi kansa fannin, domin jami'a tana iya yin suna alhali sashen nata bai kai ba. Sannan ki tambaya ko suna da karatun ƙwarewa a nan wurin, da adadin waɗanda suke ɗauka a shekara, da asibitin da suke tura ɗalibai koyon aiki. A rubuce za su ba ki amsa, ba da baki ba. Na haɗo miki sunayen wurare uku da na bincika da kaina. Na biyun ya fi kusa da gida, awa biyu da rabi a mota.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne allon. Kin san Baba ya ajiye aikin kujerun mutane mako uku yana sassaƙa shi da katakon jati, icen nan mai ƙarko, da ya ɓoye tun kafin a haife ki. Sunana a sama, "Psikolog", wato masaniyar halayyar ɗan Adam, a ƙasa, furanni kewaye. Ranar walimar gama karatuna, da aka yanka kan tulin shinkafar biki aka miƙa mini bisa al'ada, shi ya ɗaga a gaban duk masassaƙan layinmu. Kawu Darmaji har cewa ya yi, "To likitar mahaukata, da matata za ki fara!" Yanzu yana rataye a ƙofar gida, duk mai wucewa Jepara ta hanyarmu yana karantawa.

Kin ce ba za ki saɓa wa Baba ba, ba kuma za ki yi masa ƙarya don ki rufa mini asiri ba. Kin yi gaskiya. Ranar Juma'a zan je gida.

Taki,
Retno

Jepara, 22 ga Maris

Ƙanwata, ina gaisuwa. Inna tana gaishe ki, ta ba da soyayyen tempe na waken soya a kawo miki, kada ki rabar da shi duka.

Na faɗa masa bayan sallar Juma'a, a rumfar aiki. Na fara da kwanan wata da sunayen jami'o'in, ya ce in bar karatun labarai in faɗi magana. Na ce dokar aiki ba ta yarda a kira ni da abin da ke kan allon ba, kuma idan kin bi sawuna ke ma haka za ki ƙare. Ya tambaya ko shekara huɗun sun tafi a banza. Na ce a'a, wata sakandare a Demak tana neman mai ba ɗalibai shawara, na yi gwajin koyarwa a can, kuma gaskiya aikin ya kwanta mini.

Ya ɗauko tsani ya sauke allon, ya auna, ya ja layi, ya sa zarto a tsakiya. Kawu Darmaji ya leƙo yana cewa, "Kai Wiryo, ka haukace? Aikin mako uku!" Baba ya ce, "Kai dai riƙe mini can gefen."

Ya goge bakin rabin da ke da sunana ya miƙo mini, ya ce in kafa a ƙofar ofishina. Ɗaya rabin, mai ɗauke da "Psikolog", ya naɗe shi a tsohon zanen Inna ya ajiye miki a saman kabad. Ya ce in gaya miki ki saka fannin da na ce, ya kuma tambaya karatun shekara nawa ne. Na ce aƙalla shida, idan ba a sami tsaiko ba. Ya ce katakon zai jira ki, jati ne, gara ba ta cin sa.

Saura kwana biyar a rufe fom. Ki karanta sunan digirin sau biyu kafin ki tura. In kuma wata rana kin ji ba ki son aikin, ki faɗa da wuri. Na duba bayan katakon, babu rubutu a kansa, ana iya sassaƙa wani aikin.

Allah Ya ba ki sa'a.

Yayarki mai ƙirga matakala,
Retno